Yadda za ka jona kayan wuta masu kan ƙasar waje a soket ɗin gida ba tare da ka ƙona su ba

Tambayar nan ta yi yawa, musamman bayan dawowar alhazai da kuma lokacin da 'yan uwa ke aiko da kaya daga Amurka ko Turai. An kawo min kilifa, an kawo min bilenda, an kawo min kaskon turare na lantarki, kan fulogin ya ƙi shiga soket, ya zan yi? Wasu ma ba sa tambaya sai abin ya yi fat hayaƙi ya tashi. To ga yadda ake yi daki-daki. Amma abu ɗaya nake so ka riƙe tun daga nan, adafta siffar kai kawai take canzawa, ba ta rage ƙarfin wuta ko kaɗan, wutar da ke bango ita ce dai za ta shiga kayanka. Yawancin asarar da ake yi daga nan take farawa, mutum ya ga kai ya shiga ya ɗauka shikenan an gama.

Kayan da za ka tanada ba su da yawa: tasta, ƙaramin sukudireba mai faɗi da mai tauraro, filaya ko reza, sabon kan fulogi mai ƙafa uku, fiyus, da tocilan ɗin wayarka don karanta ƙananan rubutu.

1. Karanta rubutun jikin kayan kafin komai

Kar ka fara da kan fulogi, fara da sitika. Kowane kayan wuta yana da ita, ko a ƙarƙashi, ko a baya, ko a jikin cajar, wani lokaci ma an dannata ne a cikin robar sai ka karkata ta wajen haske za ka gani. Ka nemi wajen da aka rubuta INPUT, ko inda ka ga lamba da harafin V a gabanta.

Wutar gida a Najeriya 230V ce, 50Hz, V ɗin ƙarfin wutar ne, Hz kuma sau nawa take kai da komo a daƙiƙa ɗaya. Nijar da Kamaru da Chadi 220V, Gana 230V, duk aji ɗaya ne. Saboda haka:

Idan ka ga 100–240V 50/60Hz, kayan nan ba ruwansa da ƙasa, ko'ina zai yi aiki. Kusan duk cajar waya da ta laftop haka suke. Matsalarka kan fulogi ne kawai.

Idan ka ga 220–240V, shi ma lafiya lau. Kayan Ingila, Turai, Dubai, Chaina da Indiya galibi nan suke.

Idan ka ga 110V ko 120V ko 127V kaɗai, ko 100V, tsaya cak. Wannan galibi kayan Amurka ne ko Kanada, 100V kuma na Japan. Ka ajiye shi ka wuce mataki na 7, kar ka bari ya kusanci bango.

Gargaɗi: kar ka yanke hukunci da cewa "ai daga Saudiyya aka sayo". Saudiyya ta daɗe tana da wuta iri biyu, 127V da 220V, kafin a fara mayar da ƙasar kan 230V, kuma tasu 60Hz ce. Yawancin tsarabar da alhazai ke kawowa yanzu 220–240V ce, amma duba sitikar ba zai ɗauke ka minti ɗaya ba.

Wani gargaɗin: wasu tsofaffin kwamfutocin tebur da wasu na'urorin busar da gashi suna da ɗan makunni a baya, ja ko baƙi, an rubuta 115 da 230. Idan kwamfutar gwanjo ce daga Amurka akwai yiwuwar yana kan 115. Ka tura shi 230 da bakin sukudireba tun ba ka jona ba. Da yawa an ƙona akwatin wutar kwamfuta saboda wannan ɗan abin.

Ka kuma rubuta wat ɗin, wato lambar da ke da W. In babu W sai A, ka ninka A ɗin da V. Misali 2A a kan 230V ya zama 460W. Za ka buƙaci lambar nan a gaba.

2. Gane irin kan da ke hannunka

Soket ɗinmu na Najeriya irin na Ingila ne, ramuka uku masu kusurwa, 13A. Akwai kuma mai ramuka uku zagayayyu babba, 15A, wanda ake sa wa AC da hita, da ƙaraminsa na tsofaffin gidaje.

Kawunan da suka fi shigowa: mai ƙafa biyu zagayayyu sirara, na Turai, wanda ake gani a caja da rediyo da ƙananan fitilu, shi iyakarsa 2.5A. Sai babban ɗan uwansa mai ƙafa biyu masu kauri da kai zagayayye, na Jamus da Faransa, wanda ke da ƙarfe a gefe-gefe ko rami a fuska, shi yana ɗaukar 16A kuma ƙarfen gefen nan ko ramin shi ne atin ɗinsa, wato hanyar da ke kai wuta ƙasa idan ta taɓa jikin kayan. Sai mai ƙafa biyu masu faɗi a tsaye, na Amurka da Japan, wani da ƙafa ta uku zagayayya. Sai mai ƙafafu masu faɗi a karkace, na Chaina da Ostireliya.

Lura da wannan, Chaina ma tana amfani da mai ƙafa biyu masu faɗi irin na Amurka amma wutarta 220V ce. Kenan kai iri ɗaya zai iya zama na 120 zai iya zama na 220. Shi ya sa na ce sitika ce alƙali.

3. Duba ko wayar tana cira

Wannan ita ce hanya mafi sauƙi kuma mutane na tsallake ta. Cajar laftop, firinta, allon kwamfuta, wasu talabijin, tukunyar shinkafa, wasu butocin lantarki, wayarsu ba a haɗe take da jiki ba, zarewa ake. Bakin da ke shiga jikin kayan iri ɗaya ne a duk duniya, ko mai rami biyu kamar lamba 8, ko mai rami uku zagayayyu na cajar laftop, ko babban nan mai rami uku na bayan kwamfuta. Ka zare wayar ka tafi da ita shagon kayan wuta ko wajen masu kwamfuta ka ce a ba ka irinta mai kan ƙafa uku. An gama, ba adafta ba yanka.

Wajen saye ka lanƙwasa wayar ka ji, wadda ta yi laushi da rashin nauyi da yawa jan ƙarfen cikinta kaɗan ne, ta yi wa caja amma kar ka sa wa buta ko tukunya.

4. Idan adafta za ka yi amfani da ita

Adafta ta ƙananan kaya ce da na ɗan lokaci, caja, fitila, rediyo, abin aske mai caji. Ga abinda za ka duba a shago.

Ta kasance tana da fiyus a jikinta, za ka ga ɗan murfi a tsakanin ƙafafun. A jikinta an rubuta 13A 250V. Ƙafar sama ta zama ƙarfe idan kayanka mai atin ne. Sannan ka tafi da kayan ko cajar ka gwada a gaban mai shagon, ka tura kan ka ɗan girgiza, in yana rawa ko ya zame da kansa ajiye ta. Kan da ke rawa shi ke yin tartsatsi a ciki, tartsatsi ya kawo zafi, zafi ya narkar da roba, sai ka ga bakin ramin ya yi baƙi. Farar adaftar nan mai ramuka barkatai da ke karɓar kowane kai, ita ta fi wannan matsalar, saboda ramin da aka yi don ya karɓi kowa ba ya riƙe kowa da kyau.

Gargaɗi babba a nan: dabarar nan ta tura murfin biro ko tsinken ashana ko makulli a ramin sama don ƙananan ramukan su buɗe a cusa mai ƙafa biyu. Kowa ya san ta, kowa ya ga ana yi, amma ba dabara ba ce. Ƙofar nan da ke rufe ramukan an yi ta ne don yaro kar ya zura ƙusa ko cokali. Idan ka saba tura zagayayyar ƙafa a ramin mai kusurwa, ƙarfen ciki zai buɗe ya saki, daga baya ko kan da ya dace ka sa ba zai kama da kyau ba. Sannan mai ƙafa biyun ba shi da fiyus. Ga yara na kallonka, gobe su ma za su gwada, su kuma ba lallai da biro ba. Masu zare kai gaba ɗaya su cusa tsirarar waya su danne da ashana kuwa, wannan gobara ce kawai ake jira.

Gargaɗi na biyu: babban kan Jamus ko Faransa idan ka sa shi a adafta mai arha, ƙafa biyun za su shiga kayan ya kama, amma ƙarfen gefen bai taɓa komai ba, wato atin ya tafi. Firji, injin wanki, maikurowef, dutsen guga, duk abinda jikinsa ƙarfe ne, ranar da waya ta goge a ciki ta taɓa jiki, wanda ya taɓa shi wuta za ta ja shi. Irin waɗannan a canza musu kai.

Kuma kar a ɗora adafta kan adafta. Nauyin yana janyo ta ƙasa, ƙafafun su fito rabi a waje da wuta a jikinsu.

5. Canza kan gaba ɗaya

Ga kayan da zai zauna a gidan, kuma mai 220–240V ne, wannan shi ne gyaran gaskiya. Kan fulogi mai kyau bai kai kuɗin kwanon shinkafa ba. Ka nemi mai nauyi, mai fiyus, wanda ƙafafunsa biyu na ƙasa suke da baƙar roba a rabinsu, galibi za ka ga an rubuta BS 1363 a jiki. Idan kayan sabo ne mai garanti ka fara tambayar inda ka saya, don wasu in ka yanke kai sun zare hannunsu.

Ka tabbata kayan ba ya jone da komai. Yanke tsohon kan ka jefar da shi inda yaro ba zai tsinta ba, don in ya cusa shi a soket guntun wayar nan wuta ce tsirara.

Fere robar waje kamar tsawon santimita 4 zuwa 5, a hankali, kar rezar ta shiga robar ƙananan wayoyin. In ta ɗan yanke ko kaɗan ne, guntule ka sake.

Za ka ga launuka. Ruwan ƙasa shi ne layif, mai wutar. Shuɗi nutural. Kore da ratsin ruwan ɗorawa atin. Tsohuwar waya kuma ja ne layif, baƙi nutural, kore atin.

Buɗe sabon kan ka riƙe shi cikinsa na kallonka, wajen shigar waya na ƙasa. Ruwan ƙasa ya tafi dama, wajen fiyus, inda aka sa L. Shuɗi ya tafi hagu, N. Kore ya tafi sama, E. Ka auna ka yanke yadda ruwan ƙasa zai fi gajarta, kore ya fi tsawo da ɗan rara, ta yadda ko an fizgi wayar mai wutar ce za ta fara fita, atin ya zama na ƙarshe.

Fere bakin kowace kaɗan, kamar rabin santimita, murɗa zaren jan ƙarfen ya haɗe, tura a rami, ɗaure sukurun tam. Kar ka bar ko silin zare ɗaya a waje, kuma kar sukurun ya danne roba maimakon ƙarfe. Ka ɗan ja kowace ka ji.

Abu na ƙarshe wanda har wasu masu gyaran suke tsallakewa, maɗaurin nan na bakin shiga. Shi robar waje mai kauri zai danne, ba ƙananan wayoyin ba. In ka rufe ka hango launuka a waje, buɗe ka sake.

Idan waya biyu ce kawai a ciki, ba laifi, akwai kayan da aka ƙera ba sa buƙatar atin, alamarsu murabba'i a cikin murabba'i a kan sitika. Ka haɗa L da N, ka bar E ba waya, amma kar ka cire ƙafar saman, ita ke buɗe ƙofar soket.

Gargaɗi: caja mai ƙafafu a jikin akwatinta ba a yanka ta, adafta ko sabuwar caja kawai. Kuma in hannunka na rawa ko launukan da ka gani ba waɗannan ba ne, kai wa mai gyaran wuta, aikin minti goma ne a wajensa.

6. Fiyus ɗin da ya dace

Sabon kai yawanci da 13A yake zuwa. Ga fitila, rediyo, fanka ƙarama, duk abinda bai kai 700W ba, 3A ya fi. Buta, dutsen guga, hita, maikurowef, firji, 13A. Iyakar kan nan gaba ɗaya wajen 3000W ne. Abinda ya wuce haka, kamar babban oben ko wasu AC, ba aikin soket ɗin 13A ba ne, layinsa daban mai gyara zai ja masa.

In fiyus ya mutu a sa wani. Kar a naɗa masa zaren waya ko takardar sigari mai ƙyalli. In sabon ma ya sake mutuwa nan take to kayan ne ke da matsala.

7. Kayan Amurka masu 110V ko 120V

Nan ne kuɗi yake. Abinda kake buƙata tiransifoma ce mai saukar da wuta daga 220 zuwa 110, a kasuwa sitep-dawun ake ce mata. A Kano ana samu a shagunan kayan wuta na Sabon Gari, a Legas kuma Alaba.

Girmanta da wat ake aunawa. Ɗauko lambar da ka rubuta a mataki na 1. Abinda ba shi da mota a ciki, ka ƙara masa aƙalla rabin lambar a sama. Mai mota kamar bilenda, injin kwaɓa fulawa, injin ɗinki, ka ninka biyu ko fiye, saboda lokacin tashi yana jan wuta fiye da abinda aka rubuta. Bilenda mai 600W kenan ka nemi ta 1500W ka huta. Lambar da ke jikin kwalin masu arha kuma a yi mata ragi, ba kasafai take kaiwa ba. Ka ɗaga ta ka ji, tiransifomar gaske tana da nauyi sosai don ƙarfe ne da naɗin waya a ciki.

Gargaɗi: akwai wata 'yar ƙarama mara nauyi ta matafiya da ake rubuta wa 1600W ko 2000W, girmanta kamar sabulu. Ita don abin zafi zalla aka yi ta, na 'yan mintoci. Ka sa mata talabijin ko sifika ko duk wani abu mai allon lantarki a ciki, ta kashe shi.

Sitabilaiza fa? Aikinta daban ne, daidaita wuta take yi ta fitar da 220. Amma wasu suna da rami na musamman a baya an rubuta 110V, wannan ramin zai yi wa ƙananan kaya, sai dai sau da yawa ba ya ɗaukar cikakken ƙarfin da aka rubuta a gaban sitabilaizar, kuma ramukan suna kusa da juna, cikin duhu ko wani ya zo gyara ɗaki sai a mayar a na 220. Ka liƙe na 220 ɗin da salatif in ba ka amfani da shi.

Gargaɗin da ya fi kowanne a wannan matakin: kar ka taɓa canza wa kayan 120V kai zuwa mai ƙafa uku irin namu. Bar shi da kansa na Amurka. Kai ka san na 110 ne, amma uwargida ko ƙaninka ko yaron shago ba su sani ba, duk ranar da suka ga ya dace da bango za su jona. Ka ma ƙara da rubuta 110 da maka ƙato a jikin kayan, in da hali ka ɗaure wayarsa da tiransifomar su zama abu ɗaya.

Sai maganar Hz. Tiransifoma ba ta canza 50 zuwa 60. Caja da talabijin ba su damu ba, amma mota da aka yi wa 60Hz za ta yi juyi a hankali a kan tamu kuma ta fi ɗaukar zafi. Masu aski sun fi kowa sanin wannan, kilifar Amurka mai waya irin mai karkarwar nan, ko an sa mata sitep-dawun sai ka ji ƙararta ta canza tana kaf-kaf tana zafi a hannu, dole a riƙa juya sukurun gefe ana lallaɓawa. Agogon da ke ƙirga lokaci da wutar bango shi kuma zai riƙa yin baya. Mai shagon aski in zai yi oda, ya nemi samfurin 220–240V 50Hz ko mai caji.

A ganina kuma, kayan zafi na Amurka, buta, dutsen guga, abin gasa burodi, abin busar da gashi masu 1500W, ba su cancanci wahalar ba. Tiransifomar da za ta ɗauke su kuɗinta na iya kai ko wuce na sabon kayan mai 220V a kasuwa, ga ta da cin wuri ga gurnani. Sai dai in abu ne mai tsada da ba a samu a nan. Farashi yana tafiya da dala, ka zaga shago biyu uku, ka kwatanta da kuɗin sabo kafin ka biya.

8. Gwajin farko

Kashe makunnin soket, kashe na kayan, jona, sannan ka kunna na bango, sannan na kayan. In da tiransifoma, ita za ka fara kunnawa ita kaɗai, in kana da mitar hannu ta auna ƙarfin wuta ka auna ramin ka ga 110 zuwa 120 kafin ka sa kayan.

Kar ka yi gwajin farko a lokacin da NEPA ta kawo wuta yanzu-yanzu ko tana rawa, ka ɗan jira ta zauna. Kar kuma ka yi shi a kan ƙaramin janareta, shi da kansa wutarsa hawa da sauka take, ba za ka gane laifin waye ba.

Tsaya a wajen minti goma zuwa sha biyar. Kashe, zare, taɓa kan da adaftar. Ɗumi kaɗan a kayan zafi ba komai, amma zafin da ba za ka iya riƙewa ba, ko warin roba, ko ƙarar tsss, alamar wani abu bai kama ba ne. In hayaƙi ya tashi kashe daga bango, in ba za ka iya kusanta ba ka kashe babban makunnin gidan, kuma ba a watsa wa wutar lantarki ruwa.

Ekstenshin kuma, ka tara wat ɗin duk abinda ke kai, kar ya wuce abinda aka rubuta a bayanta. Masu arhar nan da ke karɓar kowane kai a bar su wa caja da talabijin. Buta da dutsen guga bango kai tsaye.

9. In kai ne za ka tsallaka da kayanka

Mai zuwa Maraɗi ko Damagaram ko Yamai daga Kano ko Katsina, can soket ɗin irin na Faransa ne ya fi yawa, rami biyu zagayayyu, haka Kamaru da Chadi. Wutar ɗaya ce da tamu, adafta kawai za ka riƙe, mai karɓar ƙafa uku ta fitar da biyu. Gana, Ingila, Dubai da yawancin otal-otal na Makka da Madina kanmu yana shiga kai tsaye. Mai zuwa Amurka, cajar waya da laftop za su yi da adafta, amma butarka ko dutsen guga mai 220V ba za su yi zafin kirki a kan 120 ba, a bar su a gida. In kayan caji sun yi yawa, ka ɗauki ekstenshin ɗinka ta gida mai kyau guda ɗaya da adafta ɗaya mai ƙarfi, ka jona adaftar a bango, sauran duk su hau ekstenshin ɗin.